Kalmar Rabo a Bakin Makaɗa da Alƙalamin Marubuta

Wata ɗaliba daga Argungu, wadda ke shirin rubuta kundin kammala digirinta a kan adabin Hausa, ta aiko mini da tambaya. Ta ce duk inda ta juya, waƙa ce ko karin magana ko littattafan soyayya, sai ta ci karo da kalmar rabo. Tana son ta san ko ma'anarta ɗaya da sa'a da arziki, da kuma irin aikin da take yi wa makaɗi da marubuci. Ta ƙara da cewa wani abokin karatunta ya ce mata wannan kalma ita ce shaidar cewa adabinmu lalaci yake koyarwa, wai a naɗe hannu a jira abin da aka rubuta.

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Kin ɗauko abin da ya cancanci kundi, domin kalma ce da muka saba da ita har muka daina lura da nauyinta.

Kalmomin nan uku suna kusa da juna, amma ba ɗaya suke ba. In kina son ki ga bambancinsu, kafin ki buɗe ƙamus ki fara sauraron aikatau ɗin da Bahaushe yake haɗa kowace da shi. Sa'a mutum ne ke yin ta: ya yi sa'a, ya ci sa'a, ya taki sa'a. Abu ne na ɗan lokaci, mutum ya iso daidai sanda ya kamata, shi ya sa ma kalmar take nufin lokaci a wani wurin. Arziki daga Larabci ya shigo mana, abin da Allah yake ciyar da bawansa da shi, amma da ya zauna a bakinmu sai ya yi faɗi. Wanda ya tsira daga haɗarin mota ana yi masa barka da arziki ko da kwabo bai samu ba. Mace ta sauka lafiya a ce an yi arziki. Yaro mai ladabi ɗan arziki ne ko da ubansa bai mallaki akuya ba. A ƙasashen Kabi da Zamfara da Sakkwato har suna ake sa wa yaro, Arzika.

Shi kuwa rabo, lura da kyau, ba mutum ke yin sa ba, shi ne mai aikatawa a cikin jimlar. Rabo ya kira shi. Rabo ya kai shi. Rabo ya tsaga. Rabo ya rantse. Har mukan ji tsofaffi suna cewa rabo ya kashe wane, in mutum ya rasu matarsa ta auri wani ta zuba masa 'ya'ya, wai rabon 'ya'yan nan ne ya kawar da mijin farko. Abin da masu nazarin salo suke kira mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum, harshen da kansa ya riga ya yi wa rabo tun kafin wani mawaƙi ya buɗe baki. Wannan ne ya sa masu adabi suke ƙaunar kalmar. Sun sami ɗan wasa da ba a ganinsa a cikin labari, amma yana kira, yana jan mutum, yana rantsuwa.

Tushen tunanin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure ya karanta Arba'una Hadisi ya san hadisi na huɗu, na Abdullahi ɗan Mas'udu, inda aka ce ana aiko mala'ika ga jariri tun yana cikin uwa a umarce shi da rubuta abu huɗu: arzikinsa, da ajalinsa, da aikinsa, da makomarsa, ta taɓewa ce ko ta rabauta. A Suratuz Zukhrufi kuma, aya ta 32, Allah ya ce shi ne ya raba wa mutane abin rayuwarsu a duniya. To rabo shi ne kason da ya faɗo wa mutum daga wannan rarrabawar. Kaso ne da aka riga aka ware, sai dai mai shi bai san girmansa ba, bai san ranar da zai iso ba.

Mu shiga karin magana, domin nan ne abokin karatunki ya samo hujjarsa. Gaskiya ne muna cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Muna cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Muna cewa hassada ga mai rabo taki ce, mai arziki kuma ko a Kwara ya sai da ruwa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi a Yauri ya san irin ƙarfin wannan maganar. In mutum ya jera waɗannan a takarda su kaɗai, zai iya cewa Bahaushe kwanciya yake wa'azi. Amma bakin da ya faɗi waɗannan shi ne ya ce mai nema yana tare da samu, zomo ba ya kamuwa daga zaune, Allah ya ce tashi in taimake ka. Kuma shi ne ya ce mai rabon shan duka ba ya jin bari, wanda ya nuna miki rabo ba alheri kaɗai yake ɗaukowa ba. Ba a taɓa cewa wane ya yi sa'ar shan duka, amma ana cewa yana da rabonsa.

Kuskuren da ɗalibai suke yi shi ne su karanta karin magana kamar dokar da aka kafe a allo. Karin magana kuwa yana da lokacin faɗa da wanda ake faɗa wa. Manomi a Jega ba ya tada ɗansa da asubar ranar shuka ya ce masa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ranar nan maganar zomo zai yi masa. Sai in an yi noma, an yi maimai, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bununi, ko ambaliya ta cinye shinkafar fadama, sannan zai dafa kafaɗarsa ya ce bana ba rabo. Kalmar bayan aiki ce. Wannan shi ne abin da nake son ki riƙe a duk sauran bayanin.

Ke 'yar Argungu ce, kin fi ni sanin kogin Matan Fada. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garinku, ake danganta farkon bikin kamun kifi a siffarsa ta yanzu. Ki tuna yadda safiyar ranar su take. Masunta sun yi sahu nesa da gaɓa, kowa da homa a hannu da ƙaton gora, kuma kwanaki kafin nan an zauna an ɗinke inda homar ta yage, an duba goran ko yana yoyo. Ana ba da alama sai ƙura ta tashi, dubban mutane su ruga su afka ruwa, cikin ɗan lokaci kogin ya koma ruwan laka, ba ka ganin komai sai kawuna da goruna suna yawo. Can sai ihu ya tashi a wani ɓangare, an ci karo da giwan ruwa, mutum biyu ko uku suna kokawar fito da shi zuwa ma'auni. Me 'yan kallo suke cewa kafin a shiga? Allah ya ba mai rabo sa'a. Dubi yadda addu'ar nan ta ajiye kowace kalma a mazauninta. Rabon yana nan tun tuni, a ɓoye, sa'a ita ce lokacin da mai shi zai gamu da shi. Da yake ba wanda ya san ko na wane ne, kowa ya shiga ruwa. Wanda ya fito da gora ba komai zai ce ba rabo, ya yi wa wanda ya kama barka, ba faɗa ba gaba. Wanda kuwa ya tsaya a gaɓa rigarsa a bushe, in ya ce ba rabo, dariya za a yi masa.

A tatsuniya abin ya ɗan sauya. Ɗauki tatsuniyar 'yar bora da aka tura wankin kirgi ruwan Bagaja. Kowane gari da yadda yake ba da ita, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Yarinyar ta bi doguwar hanya, ta haɗu da abubuwan ban mamaki ba ta yi musu dariya ba, an gwada ta da kwaɗayi ta kame, ta sauka gidan cinya da kare ta yi ladabi, ta yi abin da aka ce, ta ɗauki ƙwan da aka nuna mata, ta fasa inda aka ce ta fasa, ta komo gida da dukiya da dawaki. Mowa ta ga haka ta tura tata. Hanya ɗaya, masauki ɗaya, amma ta yi rashin kunya, ta zaɓi abin da idonta ya so, ta komo da abin kunya. Kakanninmu mata da suka riƙa ba da wannan tatsuniya da dare sun ɗaure rabo a jikin hali. Wadda aka wulakanta a gida ita ce mai rabo, amma sai da ta yi tafiyar da ƙafarta, ta kuma ci jarrabawa a kowane zango.

Inda kalmar ta fi yin aiki mai zurfi, a ganina, shi ne waƙoƙin fada, kuma yankinmu ne matattarar su: Ibrahim Narambaɗa na fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi, Sa'idu Faru, Musa Ɗanƙwairo, da Sani Aliyu Ɗandawo na Yauri. Ki fara da halin da makaɗin fada yake ciki. Sarki ya rasu, 'ya'yan sarki da yawa sun nema, kowa da jama'arsa, kowa ya yi kamun ƙafa, kowa ya sa malamai sun yi masa addu'a. Ɗaya ya samu. Sauran suna nan cikin gari, gobe da safe za su zo gaisuwa, kuma makaɗi zai buga kotso ko taushi a gabansu duka. Da me zai yi magana? Da ya ce ubangidansa ya fi su dabara ko ya fi su kuɗi, ya rage wa sarautar daraja, ya kuma hura wuta. Sai ya ce sarauta ta Allah ce, wanda ya so yake ba, rabon wane ne. Da wannan magana ɗaya ya kafa sarki a kan tushen da ba a jayayya da shi, ya kuma buɗe wa waɗanda suka rasa ƙofar dangana ba tare da sun zubar da girma ba.

Amma makaɗi ba waliyyi ba ne. Kalmar da ya yi lallashi da ita a wannan ɗan waƙa, da ita zai yi habaici a na gaba. Zai kawo ɗan sarkin da ya sayar da gona ya kai wa bokaye, ya sayi rawani da alkyabba ya ajiye, ya kwana yana jiran aike, gari ya waye tambari na tashi a ƙofar wani. Ba zai kama suna ba, duk fada ta san da wa ake. A nan rashin rabo ya zama bulala. Idan kina bin hanyar nazarin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa, ta turke, wato babban jigon waƙa, da tubalan gininsa, za ki ga da wuya rabo ya zama shi ne turken waƙar fada. Turken yabo ne. Rabo tubali ne da ake sakawa ƙarƙashin yabo, da habaici, da zuga, har da roƙo. Na roƙon ma ya fi ba ni sha'awa: makaɗi ya nemi doki ko riga ko kujerar Makka, amma ya nuna rabonsa ne Allah ya ajiye a hannun sarki, sarki sanadi ne kawai. Ya yi roƙo bai ƙasƙantar da kansa ba, kuma ya sa hanawa ta yi wa mai bayarwa nauyi.

Akwai kuma aiki na uku, na ɗan sarkin da bai samu ba tukuna. Sa'idu Faru ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, mutumin da ya zauna Talatar Mafara, kuma fatan ya gaji mahaifinsa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya ratsa waƙoƙin. Da Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu a 1988, Ibrahim Dasuƙi aka naɗa. Sai a 1996 Macciɗo ya hau gadon, ya riƙe har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 2006. Waƙoƙin ba su canja ko harafi ɗaya ba, amma kunnen da ya saurare su a 1989 da wanda ya saurare su a 1997 ba abu ɗaya suka ji ba. Na farko ya ji fatan da bai cika ba, na biyu ya ji rabon da ya rantse. Ki sa wannan a kundinki, domin yana nuna ma'anar kalmar a waƙa ba ta kammala sai tarihi ya sa baki.

Waƙoƙin maza ba zan daɗe a kansu ba. A dambe da kokawa da tauri da farauta sa'a ta fi yawo a baki, domin abin na ɗan lokaci ne, hannu ɗaya ya sauka daidai an yi kisa. In makaɗin maza ya taɓo abin da aka rubuta, yawanci ajali yake nufi, yana gaya wa ɗan wasansa cewa ranar mutuwa ba ta matsawa don an ji tsoro. Zuga ce, tura mutum fage ake yi da ita.

A rubutattun waƙoƙi na ƙarni na 19 sai aka ɗauke rabo daga duniya aka kai shi lahira. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu wanda ya rasu a 1829, da Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, da almajiransu, sun yi waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fulatanci da Hausa suna jan kunne game da ruɗin duniya. Malam Abdullahi da kansa ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas har ya kai Kano, saboda takaicin yadda ya ga hankalin wasu ya koma kan mulki da tara dukiya, kuma ya zuba wannan takaici a waƙoƙinsa na Larabci da ke cikin Tazyinul Waraƙati. Wannan tunanin ne ya gangaro cikin waƙoƙin wa'azi na Hausa: mai doki da bayi da rumbuna ba lalle ne shi ne mai rabo ba, mai rabo shi ne wanda ya cika da imani. Daga nan muka sami babban rabo da rabauta, kishiyar taɓewa. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi ta Zamfara, da ya zo fassara farkon Suratul Muminuna, da babban rabo ya fassara abin da muminai suka samu. Kuma ko a nan ba a ce a kwanta ba. Waƙar wa'azi daga farkonta har ƙarshe umarni ce: tashi ka yi salla, nemi sani, bar zalunci, ba mata ilimi.

Ga wani ɗan abu da za ki riƙa cin karo da shi a waƙoƙin bege da na soyayya. A rubuce, rabo na kaso da rabo na rabuwa iri ɗaya ne, kamar a ce rabona da ganinki tun bara. Mawaƙi mai kunne yakan sa su kusa da juna da gangan. In kin gani kada ki ɗauka kuskure ne.

Sai ƙagaggun labarai. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da littattafan farko na zube, kuma biyu daga cikinsu sun isa misali. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an sace yaro, kura ta cinye wanda ya sace shi, ya faɗa hannun masu bauta, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, a can ya yi karatu ya zama babban malami. Mai karatu zai ce rabon ilimi ne ya ja shi. Amma marubucin bai ɓoye kuɗin da aka biya ba. Uwar yaron ta bar gida tana nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta sha azaba, ta gan shi a ƙarshe ba ta daɗe ba ta rasu. Ba inda littafin ya wanke masu cinikin bayi don Umar ya zama Shaihu. A Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa, attajiri Malam Shehu da bai taɓa haihuwa ba ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Zainabu da saurayinta Abubakar, yana ganin ita za ta haifa masa. Ya sami ɗan, har ana kiransa Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman ramuwa, yaron ya tashi ɓarawo, ƙarshe shi ya kashe ubansa. Rabon haihuwar gaskiya ne, ya zo. Hanyar da aka bi aka same shi ita ma ta zo da nata sakamakon. Tun a littattafan farko ke nan marubutanmu sun san rabo ba ya shafe alhaki.

Wannan ne ya kawo ni inda raina yake ɓaci. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwa, yanzu kuma sun koma waya, ana karanta su a WhatsApp da Wattpad, ana sauraronsu a YouTube. Ba na cikin masu raina su. Mata da yawa a Birnin Kebbi da Gusau da ƙauyukansu ta nan suka saba da karatun Hausa, kuma a cikin marubutan akwai gwanaye. Na ga inda aka yi amfani da kalmar rabo yadda ya dace: matar da ta shekara goma ba haihuwa, dangin miji sun sa ta gaba, sai wata dattijuwa a gidan ta ce ku ƙyale yarinya, rabo ne bai zo ba. A nan kalmar garkuwa ce ga mai rauni, ta ɗauke mata laifin da ba nata ba.

Amma akwai wani salo da ya yi yawa. Namiji ya keta haddin yarinya, ko ya ci amanar matarsa, ko a ɗaura wa yarinya aure tana kuka, sai ciki ya shiga, sai marubuci ya sa wani babba a labarin ya ce rabo ne ya rantse. Shi ke nan, an rufe shari'a. Ba hukunci, ba nadama ta gaskiya, babi biyu gaba an koma soyayya. 'Yan mata 'yan shekara goma sha huɗu suna karanta wannan, suna koyon cewa in dai an haifi ɗa kyakkyawa to abin da aka yi wa uwarsa ya wuce. Wannan kuskure ne ta fuskar addini, domin malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Sayyidina Umar, da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuskure ne kuma ta fuskar fasaha. Marubucin ya kai labarinsa inda ya kasa warwarewa, sai ya kira rabo ya yi masa faci. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina: ki cire kalmar daga labarin ki sake karantawa. In abin da ya faru yana da sanadin da ya fito daga halin mutanen da zaɓinsu, marubucin ya iya, rabo ya zo ne ya ƙara wa abin zurfi. In kuwa labarin ya rushe, to da ma kalmar ce kaɗai ke riƙe da shi.

Kada kuma ki manta kalmar tana da wani gefe na 'yan Adam: rabon gado, rabon taki, rabon kayan agaji, rabon muƙamai. A nan mai rabawa mutum ne, yana da suna, yana da son rai. Zalunci mafi sauƙi a ƙasar nan shi ne mai rabawa ya danne kason wani sannan ya ce masa haƙuri, ba rabonka ba ne. Mawaƙin da ya san aikinsa yakan raba waɗannan biyun, wanda bai sani ba ko wanda aka saya yakan cakuɗa su. Haka abin yake a waƙoƙin ta'aziyya. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse a Kwara kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu, aka yi ta maganar lodin da ya wuce kima da tsufan jirage. Mawaƙin da ya fuskanci uwar da ta rasa ɗanta ya ce mata kwana ne ya ƙare, ya yi daidai, ba abin da zai sanyaya mata zuciya kamar wannan. In ya juya ga masu lodi da masu sa ido a kan jirage ya maimaita musu wannan maganar, ya ci amanar mamatan.

Don haka in kin zauna tattara misalai, kada ki tsaya ƙirga sau nawa kalmar ta fito. A kowane wuri ki rubuta wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kafin aiki ne ko bayansa, kuma wa maganar ta amfana, mai rauni ko mai ƙarfi. Kada ki dogara da littattafai kaɗai. Ki je wurin tsofaffin mata a unguwarku su ba ki tatsuniyar 'yar bora yadda suka gada, ki zauna da masunta lokacin da suke gyaran homa, ki nemi izininsu ki ɗauki muryarsu a waya. In kin zo juyawa a takarda ki bar maganar a karin harshensu. Wanda ya ce rabo nai, ki rubuta rabo nai, kada ki mayar masa da shi rabonsa.